Suturar Mijinyawa

Ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci an ci shinkafa an wanke hannu, Ɗalhatu yakan ɗora kwamfutarsa a kan wani kwali, shi da Kawu Mijinyawa su miƙe ƙafa su kalli Turawa suna kashe junansu. Wasan kwaikwayo ne na talabijin ɗin Ingila, mai dogon zango. Wani ɗan ƙaramin gari ne shiru, ciyawa kore shar, ga coci, ga tsofaffin mata da butar shayi da furanni a ƙofar gida, garin da ba za ka yi zaton ko kaza an taɓa yankawa a cikinsa ba. Amma duk mako sai an tsinci gawa, yau a bakin rafi, gobe a bayan gidan burodi. Sai wani sufeton 'yan sanda mai furfura ya zo da ɗan littafinsa, ya bi gida-gida yana tambaya cikin ladabi, har ya zaƙulo mai laifi.

Mijinyawa ba ya jin Turancin nan nasu na hanci, Ɗalhatu ne yake juya masa da Hausa. Wannan bai hana shi zama malamin wasan ba. Shekarunsa hamsin da bakwai, sha huɗu daga ciki a Dubai ya yi su, yana ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano a wani sito da ke Al Quoz. Da basilla da zare mai kauri yake ɗinke bakin buhu, kuma duk siton an san ɗinkinsa ba ya warwarewa ko da kwantena za ta yi wata uku a teku. Aminin mahaifin Ɗalhatu ne tun suna samari a Yakasai, shi ya yi wa Ɗalhatu hanyar aikin rubuta lambobin kwalaye a siton nan. Ɗaki ɗaya suke kwana, a hawa na uku na wani bene a International City, su uku da wani Salmanu direba.

“Wai garin nan saura mutum nawa?” Mijinyawa yakan tambaya yana sakace. “Ni da ni ne mai garin, da tuni na ce kowa ya kama gabansa.”

Yana da doka guda ɗaya wadda ba ya sakewa. “Ka riƙe wannan, Ɗalhatu. Wanda ya fara ganin gawa, shi ne. Ka ga waccan da ta saki tire tana kururuwa? Ita ce.” Sau goma in ya faɗa, sau tara ba haka ba ne. Amma Mijinyawa ba ya kunyar faɗuwa, sai ya ce masu wasan ne suka canza don kada a gane su.

Abu ɗaya ne a cikin wasan ba ya yi wa dariya, wato yadda ake barin mamaci. Wata Juma'a a watan Agusta na 2018, zafin da ko tattabara ba ta sauka a baranda, aka nuno wani tsoho da aka tsinta a banɗakin gidansa. An kewaye ƙofar da wata leda mai ratsin shuɗi. Mai hoto yana ta haska shi, wata likita da safar hannu tana juya kansa kamar mai duba kabewa a kasuwa. Can aka nuno shi a kan teburin ƙarfe, an tsaga shi daga ƙirji zuwa mara an ɗinke. Mijinyawa ya ajiye kofin shayinsa.

“Wai mutanen nan ba su san sutura ba ne? Dattijo kwance haka, yara suna tsallake shi?”

“Kawu, doka ce,” in ji Ɗalhatu. “Ba a taɓa komai sai likita ya gani. In aka taɓa, an ɓata shaida.”

“Shaidar me? Wanda ya tafi ya tafi.” Ya dubi ɗinkin nan da idon mai sana'a. “Ko buhun takalma ba na yi wa wannan ɗinki.” Sai ya juyo gaba ɗaya. “Ɗalhatu, ka ji ni da kyau. In Allah ya ɗauki raina a ƙasar nan, kar ka bari a tsaya a kaina ana kallon tsiraicina. Kar ka bari a tsaga ni. Ka rufa min asiri, a kai ni da wuri. Khalas, shi ke nan.”

Ɗalhatu ya yi dariya. “Haba Kawu, sai ka ga jikokin jikokinka.”

“Ban ce ka yi min addu'a ba. Alkawari na ce.”

“To na yi.”

“Madalla. Danna mana mu ga ko matar mai burodin ce.”

Ba su kai ƙarshe ba ranar, domin an kira la'asar, daga nan kuma baƙi suka shigo. Juma'ar da ta biyo baya aiki ya tsare su a sito, kwantena biyu suka cika. Wasan ya zauna a inda suka tsayar da shi.

Ranar Talata da safe Mijinyawa ya ce kansa yana juyawa. Ya daɗe da hawan jini, kuma irin mutanen nan ne da suke shan magani ranar da suka tuna. Salmanu yana Kano hutu. Ɗalhatu ya ce su je asibiti, Mijinyawa ya kore shi da hannu.

“Yalla, tafi kar bas ta wuce ka. In na kwanta zuwa azahar zai sake ni.”

Da azahar Ɗalhatu ya kira, ba a ɗauka ba. Ya ce barci ne. Bayan rabin awa ya sake kira, ya kuma sakewa. A karo na huɗu ya san ba lafiya ba, domin Mijinyawa ko yana cikin barci ba ya barin waya ta yi kuka uku, kullum yana tsammanin matarsa Sabuwa ce daga Kano. Ya nemi izini, ya bi bas, ya sauka kusa da babbar kasuwar 'yan Sin, ya ƙarasa da sauri rigarsa ta manne masa a baya.

Tun daga bakin ƙofa ya ji ƙarar ruwa. Ya yi sallama, shiru. Ƙofar banɗaki a saye take, ruwa ya biyo ta ƙarƙashinta ya jiƙa bakin darduma. Ya ƙwanƙwasa, ya ce “Kawu,” ya sake cewa “Kawu,” sannan ya tura.

Mijinyawa yana kwance rigingine tsakanin masai da bango, babu ko ƙyalle a jikinsa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Shawa tana zuba a kan cinyarsa. Jini ya fito daga ƙeyarsa ya bi tsagin tayil, inda ruwa bai kai ba ya daskare ya yi baƙi. Idanunsa a buɗe, bakinsa a buɗe. Ɗalhatu ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya kara kunne a ƙirjinsa, ya kama hannunsa ya ji har ya fara sandarewa. Ya ce innalillahi a zuci, domin wurin ba wurin ambaton sunan Allah ba ne. Wannan ma kaɗai ya ƙona masa rai, a ce mutumin da sallar asuba ba ta taɓa wuce shi a jam'i ba ya zo ya cika a nan.

Kada wani ya ce jahilci ne ya ja Ɗalhatu. Ya kalli wasan nan fiye da sau sittin, shi ne ma mai fassara. Duk benen babu wanda ya fi shi sanin cewa ba a taɓawa, ba a gogewa, ba a matsar da ko silifa. Ya miƙe ya ja da baya, ya zaro waya, har ya danna lambar 'yan sanda, babban yatsansa yana kan madannin kira. Sai ya ga abin da zai biyo baya tiryan-tiryan, kamar yadda ya saba gani duk Juma'a. Maza da manyan takalma a tsaye a bakin ƙofar nan. Mai hoto yana haskawa. Maƙwabtansu, 'yan Pakistan da 'yan Filifin, suna leƙe daga baranda. Kawu kuma, wanda ko hularsa bai cika cirewa a gaban yara ba, yana nan a yashe kowa yana gani. Alkawari kaya ne, kuma kwana goma sha ɗaya kacal da ɗaukarsa. Ya mayar da wayar aljihu.

Ya kashe shawa, ya rufa masa tawul daga cibiya zuwa gwiwa. Ya tallabo shi ta hammata. Bai taɓa sanin Mijinyawa yana da nauyi haka ba, sau biyu santsi yana neman kayar da su. Da ƙyar ya kai shi kan katifa. Ya ɗebo ruwan ɗumi ya goge masa jinin ƙeya da na wuya, yana yi yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, “Sannu Kawu, sannu.” Ya sa masa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya shafe masa idanu, ya ɗaure masa haɓa da farin hankici, ya miƙar da ƙafar da ta lanƙwashe a hankali, ya juya shi ɓangaren dama yana fuskantar alƙibla, ya lulluɓe shi da zanen gado mai tsabta. Haka ya ga an yi wa mahaifinsa a Yakasai, kuma Mijinyawa ne ya yi da hannunsa.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila da sauƙi. Amma da ya koma banɗakin ya ga jinin, sai Bahaushen cikinsa ya ce masa nan da awa ɗaya ɗakin nan zai cika da 'yan gaisuwa, kowa zai nemi alwala, jini kuwa najasa ne, kuma ba a barin baƙo ya ga inda mutum ya faɗi. Ya ɗauko maganin wanke banɗaki mai ƙarfin wari ya kwarara, ya durƙusa da buroshi ya bi tsagin tayil ɗaya bayan ɗaya har suka yi fes. Ya cire rigarsa da ta ɓaci, ya haɗa da tawul ɗin ya jiƙa a bokiti. Ya kunna turaren wuta. Ya yi alwala ya yi la'asar. Da ya sallame ya dubi Mijinyawa a lulluɓe, ɗakin yana ƙamshi, sai ya ji wani sanyi a ransa. Ya sauke nauyi.

Sannan ya kira Alhaji Mu'awiya, dattijon da Hausawan wurin suke nema in an yi haihuwa ko rasuwa ko fasfo ya ɓata. Alhaji ya yi salati mai tsawo, ya tambayi yadda aka yi, ya ce, “Ka kira 'yan sanda?”

“Yanzu zan kira, Alhaji.”

“Maza ka kira. Ba ka dai taɓa shi ba ko?”

Ɗalhatu ya dubi Mijinyawa a lulluɓe.

“Ɗalhatu, magana nake. Ba ka taɓa shi ba ko?”

“Na yi masa sutura, Alhaji. A banɗaki na same shi, ba kaya a jikinsa.”

Alhaji Mu'awiya ya ja numfashi. “La'ilaha illallahu. Yaro, nan fa ba Kano ba ce. Kira su yanzu-yanzu, ga ni nan zuwa.”

Awa ɗaya da minti arba'in ke nan da shigowarsa ɗakin.

Jami'in da ya jagoranci 'yan sandan matashi ne, mai tsabta, ba ya ɗaga murya. Abin haushi, har ɗan littafi gare shi. Ya cire takalmi kafin ya taka darduma, ya yi wa mamaci addu'a. Sannan ya ɗaga zanen gadon, ya sa aka juya kan, ya daɗe yana duban raunin ƙeya. Ya shiga banɗaki ya shaƙi warin magani. Ya sa alƙalami ya ɗago rigar da ke cikin bokiti, ruwan ya yi ja-ja. Ya dubi Ɗalhatu, ba da fushi ba, ya tambaye shi da Turanci rigar wa ce.

A lokacin ne Ɗalhatu ya dubi ɗakin da idon sufeton Ingila. Ga gawa da rauni a ƙeya, an matsar da ita, an canza mata kaya. Ga wurin da aka ce ta faɗi, an wanke shi tas. Ga riga mai jini a jiƙe, ga turare, ga mutum ɗaya tilo da yake da mabuɗi, ya bar aiki da rana tsaka, ya yi kusan awa biyu bai kira kowa ba. Da Juma'a ce, da a kan kwali ake nuna wannan, shi da kansa zai riga Kawu nuna mai laifi. Wanda ya fara ganin gawa, shi ne. Ya ji maganar a kunnensa da muryar mai ita, ya zauna a bakin gadon Salmanu.

Aka zo da mai hoto, aka ɗauki Mijinyawa ta kowace fuska, aka kwance hankicin haɓarsa aka sa a leda. Maƙwabta suka cika baranda. Aka sauko da gawa a cikin jaka mai zif, aka sauko da Ɗalhatu a bayanta, mota daban-daban.

Kwana goma sha biyu ya yi a tsare. Ba wanda ya taɓa lafiyarsa, ana ba shi abinci, ana barinsa ya yi salla. Tambaya ce dai, ita ɗin ce yau, ita ce gobe. Me ya sa ka ɗauke shi? Me ya sa ka wanke wurin? Me ya sa ka jiƙa rigar? Ɗalhatu ya ce al'adarsu ce, ba a barin mamaci tsirara, ba a barin jini a inda za a yi alwala, kuma ya yi masa alkawari. Duk lokacin da ya faɗa da Turanci sai ya ji maganar ta fito ba ƙarfi, kamar ƙaryar da aka shirya a gurguje.

“Habibi, ni ma Musulmi ne,” jami'in ya ce masa a rana ta uku. “Na wanke mahaifina da hannuna. Da ka jefa masa zane ka bar shi a inda yake, wa zai ce maka don me?”

Wallahi wannan bai zo wa Ɗalhatu ba ranar. Hanya biyu kawai ya gani, ta wasan Turawa da ta Yakasai, bai san akwai ta uku a tsakani ba.

Ba zaman da yake yi ne ya fi cin ransa ba. Ko tunanin aikinsa da bizarsa bai cika yi ba. Kowace safiya in ya buɗe ido, abin da yake fara lissafawa shi ne Kawu ya kwana nawa a cikin firjin asibiti. A Kano, wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Ga Mijinyawa, mai cewa a kai shi da wuri, kwana biyar, kwana takwas, kwana goma, a cikin aljihun ƙarfe da lamba a yatsan ƙafa. Ɗalhatu ya san yadda wurin yake ba tare da ya je ba, ya gan shi sau sittin. Ya kuma san teburin da ke ɗaki na gaba. Sai ya roƙi Allah kada a kai ga wannan, ya roƙa a kowace sujada, duk da zuciyarsa tana gaya masa an riga an kai.

Rana ta goma sha biyu jami'in ya kira shi ofis ya ba shi kujera. Ya ce kyamarar tsaro ta siton ta nuna shi a bakin aiki tun bakwai na safe har ƙarfe biyu, katin bas ɗinsa ya nuna lokacin da ya hau, kyamarar benen ta nuna ba wanda ya shiga ɗakin kafin shi. Likita kuma ya tabbatar zuciyar dattijon ce ta tsaya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, faɗuwar ce ta fasa masa ƙeya. Ba shi da laifin kisa. Za a rubuta masa gargaɗi, ya sa hannu ya tafi.

Ɗalhatu bai yi murna ba. Ya ce, “Ta yaya likitan ya ga zuciyar?”

Jami'in ya dube shi, ya rufe fayil ɗin a hankali. “Ka san yadda ake gani.” Sai ya ƙara. “Tsoho mai hawan jini, ga maganinsa a kan taga, ya faɗi a banɗaki shawa tana zuba. Da haka muka same shi, ina jin da bai wuce kwana biyu a wurinmu ba. Amma ka ba mu gawa mai rauni da banɗaki a wanke. Ba abin da ya rage da za mu tambaya sai jikinsa.”

Alhaji Mu'awiya ne ya zo ɗaukarsa. A mota ya gaya masa an yi ta maganganu, a sito da cikin 'yan kasuwa har zuwa Kano, wasu sun ce faɗa suka yi, wasu sun ce ruwa ba ya tsami banza. A garin Turawan nan, sufeto yakan tara kowa a falo ɗaya a ƙarshe ya wanke wanda za a wanke. A nan ba mai tara kowa, takarda ce guda da Larabci a aljihun Ɗalhatu. Bai damu ba. Ya tambaya yaushe za a ba da gawa.

“Sauran takardu,” in ji Alhaji. “Iyalinsa sun ce a rufe shi a nan. Matarsa kuma ta ce kai za ka yi masa wanka, ba ta yarda da kowa ba.”

Sai a rana ta goma sha shida aka ba su shi. A ɗakin wankan gawa na maƙabartar Al Quoz, su uku ne, Ɗalhatu da Alhaji Mu'awiya da ma'aikacin wurin. Kafin a buɗe jakar Alhaji ya dafa kafaɗarsa.

“Ka san ƙa'ida. Abin da ido ya gani a ɗakin nan, a nan ake barinsa. Mai wanka ba ya ba da labari.”

Aka zuge zif. Fuskar ta yi duhu ta shige ciki, amma Kawu ne. Ɗalhatu ya sa zane ya rufe masa daga cibiya zuwa gwiwa kafin komai. Sannan ya gani. Ɗinki ne daga ƙarƙashin maƙogwaro har ya shige ƙarƙashin zanen, da baƙin zare mai kauri, tsalle-tsalle, wani wurin a matse wani wurin a sake, fata ta tattare a gefe. Wani ɗinkin ya bi ta bayan kai daga kunne zuwa kunne. Ɗalhatu ya tsaya da buta a hannu. Ya tuna mutumin nan yana ajiye kofin shayi yana cewa ko buhun takalma ba ya yi wa wannan. Garin neman gira ya rasa ido, kuma ba idonsa ba, na wanda ya ba shi amana. Bai ce bismillah ba sai da Alhaji ya faɗa masa.

Ya yi wankan. Ya bi gefen ɗinkin da tafin hannu a hankali, kamar mai gudun kada ya ji masa ciwo. Suka sa likkafani, suka ɗaure. Mutum goma sha ɗaya ne suka yi masa salla bayan azahar, yawanci 'yan sito da suka saci jiki daga aiki, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Biyu daga cikinsu ba su ba Ɗalhatu hannu ba. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi, ya kwantar da shi ɓangaren dama, karo na biyu ke nan.

Da la'asar ya koma ɗaki. Katifar Mijinyawa tana nan, basillarsa a soke a jikin labule inda yake ajiye ta. Kwamfuta tana kan kwali, bai buɗe ta ba. Yana zaune wayarsa ta yi kuka, lambar Kano. Sabuwa ce, matar Mijinyawa, wadda ta goya Ɗalhatu yana jariri ranar da mahaifiyarsa take zazzaɓi.

“Ɗalhatu, an kai shi?”

“An kai shi, Inna. Allah ya jiƙansa.”

“Amin.” Muryarta ta dushe da kukan kwana goma sha shida. “Na ji abin da mutane suke faɗa, ban saurari kowa ba. Alhaji ya ce min don ka rufe shi ne suka tsare ka. Ai Malam ya gaya min. Ranar wata Juma'a ya kira ni yana dariya, ya ce ya sa ka ka yi masa alkawari saboda wani wasan Turawa da kuke kallo. Ya ce, Sabuwa, ki kwantar da hankalinki, in na mutu a can ina da ɗa.”

Ɗalhatu ya dafe bakinsa da hannu.

“Abu ɗaya zan tambaye ka, don shi ne yake hana ni barci. An ce a can wani lokaci sai sun yanka mutum. Ka san yadda yake tsoron abin nan. Kai ka wanke shi. Ba su taɓa min shi ba ko?”

Ya dubi basillar da ke jikin labule. Ya tuna abin da Alhaji ya faɗa a bakin jakar. Ya tuna kuma matar nan za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki tana takaba, da duk abin da ya sa mata a zuciya yanzu.

“Inna,” ya ce, “da hannuna na yi masa sutura. Tun daga farko har ƙarshe.”

Ya ji ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta wanda aka sauke wa kaya daga ka. “Alhamdu lillahi. To yanzu na samu natsuwa. Ka cika ɗa, Ɗalhatu, ka cika alkawari. Allah ya yi maka albarka. Yadda ka yi masa, Allah ya ba ka wanda zai yi maka.”

Ta jira ya ce amin. Ɗalhatu yana riƙe da wayar a kunne, hawaye yana sauka a kan gwiwarsa, ya buɗe baki kalmar ta ƙi fitowa.

“Ɗalhatu? Kana ji na?” in ji Sabuwa. “Ko layin ne ya yanke?”